Tambaya da Amsa: Wane moto zan ɗaura wa dutsen wasa ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Kaduna. Ina so in haɗa injin wasa ƙarfe na kan tebur da kaina, don na kanti ya fi ƙarfin aljihuna. Na sayi dutse mai faɗin inci 8, kuma na ga moto iri biyu a Panteka, ɗaya an rubuta masa 2850, ɗaya 1440. Wanne zan ɗauka, mai ƙarfin doki nawa, kuma yaya zan ɗaura shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma duk abin da ke shan wutar lantarki ɗan gida ne, don haka bismillah.

Kafin ka koma Panteka, ɗauko dutsen nan ka duba takardar da ke manne a tsakiyarsa. An rubuta iyakar juyin da zai iya jurewa a minti ɗaya. Wannan lambar ce za ta zaɓa maka moto, ba mai sayarwa ba. Mutanenmu da ƙarfin doki suke fara tambaya, alhali gudu ne ke raunata mutum. Dutse mai inci 8 in yana juyi 2850 a minti, bakinsa na tafiyar kusan mita 30 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 100 a awa. Yawancin irin waɗannan duwatsu iyakarsu wajen mita 35 ne, in naka ma haka yake, zai ɗauka. Amma ranar da ka samu dutse mai inci 12 a araha ka ɗora a kan wannan moton, bakinsa zai kai mita 45, kuma dutse in ya fashe ba ya sallama, fuskar mai aiki yake nufa.

Lambobin nan biyu, 2850 da 1440, daga yadda aka naɗa wayar cikin moton suke. A wutarmu ta Najeriya da Nijar, mai 50Hz, moto mai fol biyu (fol shi ne kan maganaɗisun da naɗin waya ke samarwa) yana juyi wajen 2850, mai fol huɗu wajen 1440. Mai sauri ya fi cin ƙarfe, shi ne na share tabon walda. Mai 1440 shi ne na wasa wuƙa, kurfi da bakin dirila, domin zafi in ya yi yawa za ka ga bakin ƙarfen ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan.

Da ni ne, mai 1440 zan ɗauka, kuma ba zan ɗaura dutsen a sandar moton kai tsaye ba. Sai in sa a yanko mini sanda daban, ta zauna a kan boris biyu, in haɗa ta da moton da bel. Fuli, wato faifan da bel ke hawa, in girmansa ɗaya ne a ɓangarorin biyu, zai ba ka 1440. In ka sa mai inci 6 a moto, mai inci 3 a sanda, ka samu 2880. Ga gudu biyu a inji ɗaya, ga moto ya yi nesa da ƙura, kuma dannawar da kake yi ba boris ɗinsa ke sha ba.

Ƙarfi kuwa, daga rabin doki zuwa doki ɗaya ya wadatar. Doki ɗaya wat 746 ne. A farantin jikinsa ka tabbatar an rubuta 220 zuwa 240V da 50Hz. Na gwanjo da suka fito daga Amurka yawanci 110 zuwa 120V ne masu 60Hz, ka bar musu kayansu. Haka mai layi uku, komai arharsa, in dai layi ɗaya ne ya shigo shagonka. Ka nemi rufaffe, mai zara-zaran haƙarƙari a jiki da fanka a baya, wanda aka rubuta wa IP54 ko IP55, alamar kariya daga ƙura da ruwa, don garin ƙarfe in ya shiga cikin naɗin waya ƙonewa ce. Juya sandar da hannu ka ji ko tana ƙara, girgiza ta ka ji ko tana wasa, ka sunsuna ko akwai ƙaurin ƙonanniyar waya, sannan a kunna maka shi a gabanka.

Wajen ɗaurawa, farantin ƙarfe mai kauri za ka sa, ramukan notin su zama dogaye yadda za ka iya ja da moton baya ka ɗame bel. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyun ka ga sun yi layi. Bel in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya fi haka tauri, boris zai ci. Dutsen ya riƙa juyowa ƙasa ta gabanka, tartsatsi ya nufi ƙasa. In ya juya baibai, mai naɗin waya zai musanya wayoyi biyu na naɗin da ke tayar da moton, aikin minti kaɗan ne. Zaren notin kuma ya zama wanda juyin dutsen ke ƙara ɗaurewa, shi ya sa a injin kanti na ɓangaren hagu zarensa na hagu ne.

Kafin ka sa dutsen, rataye shi a yatsa ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar katako. Lafiyayye zai yi ƙara garau, mai tsagewa zai yi "ƙwaf". Ka matse shi tsakanin faifai biyu masu faɗin aƙalla sulusin dutsen, da takarda a tsakani, kada ka danne noti da ƙarfin tsiya. Sa masa murfi, majinginin ƙarfen da za ka wasa kada ya wuce milimita 3 daga dutsen, jikin moton kuma a haɗa shi da wayar ƙasa. Kunnawar farko ka koma gefe ka bar shi ya yi minti ɗaya. Abin da na fi so ka kashe wa kuɗi shi ne makunni mai kore da ja, wanda ke kashe kansa in an ɗauke wuta. Ka san halin Nepa: za ta dawo ne daidai lokacin da yaron shago ya ɗora hannu a kan dutse.

Tambaya: Malam, moton tsohon injin wanki zai yi?

Amsa: Ya danganta da irinsa. Na injin mai baho biyu, mai kafasito, gudunsa daidai ne amma ƙarfinsa kaɗan ne, wuƙar kicin zai wasa maka, in ka danna ƙarfe mai nauyi zai tsaya. Na injin mai ƙofa a gaba, wanda ke da burushin kabon, in ka jona shi kai tsaye ba tare da allon da ke sarrafa shi ba, yana iya wuce juyi 10,000 a minti. Kada ka kusantar da dutse kusa da shi.

Tambaya: Ƙaramin janaretana na wat 950 zai tayar da moto mai doki ɗaya?

Amsa: Da wuya. A lokacin tashi irin wannan moto yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Za ka ji yana gurnani bai juya ba, in ka bar shi haka waya ta ƙone. Nemi janareta mai 2.5kVA zuwa sama, ka tayar da moton kafin ka jona sauran kaya.