Tambayi Likita: "An ce za a zura wa Baba roba har cikin zuciya"

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon duk a kan zuciya suka taru, kuma ta farko ce za ta fi cin lokacinmu, domin tsoron da ke cikinta na sha ganinsa a fuskar iyalai.

Wani matashi daga Mabera a Sakkwato ya rubuto: "Likita, Babanmu shekarunsa 62, yana da hawan jini da ciwon suga. Wata uku ke nan in ya taka zuwa masallaci sai ƙirjinsa ya ɗaure, sai ya tsaya ya huta kafin ya sake shi. Mun daɗe muna ba shi maganin olsa. Yanzu likitan zuciya ya ce sai an zura mishi roba har zuciya. Dangi sun ce kada mu yarda, wai wanga aiki tiyata ce. Mi za mu yi?"

Allah Ya ba Baba lafiya. Ciwon ƙirjin da tafiya ke tayarwa, hutu kuma ya kwantar da shi, ga mai irin shekarunsa da ke fama da suga da hawan jini, ba olsa muke fara zargi ba. Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita jini. Idan kitse ya taru a bangonsu hanyar ta tsuke, jinin da ke wucewa yana isarta in mutum yana zaune, amma da ya motsa sai ya gaza, ƙirji ya ɗauka. Gwajin bugun zuciya na ECG da hoton zuciya na eko suna nuna alamu, sai dai ba sa nuna ainihin inda toshewar take da girmanta. Wannan shi ne aikin gwajin da aka ce a yi masa, wanda muke kira anjiyogiram.

Ka gaya wa dangi ba a tsaga ƙirji. Galibi ba a ma sa mutum barci. Allurar kashe zafi ake yi a wuyan hannu, wani lokaci a matsematsi, sannan a shigar da siririyar roba mai kaurin silin taliya cikin jijiyar jini. Likita yana kallonta a allo ta hoton eksire, yana bi da ita a hankali har bakin jijiyoyin zuciya. Baba ba zai ji tafiyarta a jikinsa ba. Daga nan sai a tura wani ruwa mai aidin wanda ke fitowa a hoto, a ga jijiyoyin kamar rassan bishiya, duk inda ya tsuke ya fito fili. Wasu kan ji ɗumi ya ratsa su na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Yawanci minti 30 zuwa awa ɗaya an gama. In ta hannu aka bi, za a ɗaure wurin na ɗan lokaci ya tashi ya zauna. In ta matsematsi ce sai ya kwanta miƙe na wasu awanni don kada jini ya ɓalle. Da yawa a ranar suke komawa gida.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce da shi ake koyo. Tun 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura irin wannan robar ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa aka ɗauke shi hoto. A 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu da ke aiki a Amurka.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Wurin da aka huda na iya kumbura ko ya yi jini, wani jikinsa ba ya karɓar ruwan aidin, ƙoda kuma na iya jigata. Manyan matsaloli irin su shanyewar ɓarin jiki ba sa kai mutum 1 cikin 100. Ni dai a ganina, barin Baba a kan maganin olsa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Ku tambayi likitansa tun yanzu inda za a yi, da kuɗin gwajin, da abin da zai ƙaru idan aka ga toshewar da sai an buɗe, don ku yi shiri tun da wuri. Kafin ranar kuwa, in ciwon ya zo masa yana zaune, ya wuce minti 15, ga gumi ga sarƙewar numfashi, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru nan take.

Wata Hajiya daga Runjin Sambo ta ce an sa wa maigidanta ranar gwajin, yana shan maganin suga na metformin, kuma yana yawan azumin Litinin da Alhamis. Tana tambaya ko zai iya zuwa da azumi, tunda dama an ce kada ya ci abinci.

Hajiya, kada ya ɗauki azumi ranar. Abincin awanni kaɗan kawai ake hana shi kafin a shiga, amma bayan an fito ana so ya sha ruwa sosai, domin ƙoda ce ke wanke aidin ɗin ta fitsari. Kin san zafin garin nan, balle a watan Afrilu. Jikin da ya bushe ƙodarsa ta fi saurin jigata. A tabbata an yi masa gwajin ƙoda tukuna. Ki tattara duk magungunansa a leda, har na gargajiya, ki nuna wa likita. Shi zai ce ko a dakatar da metformin na kwana biyu.

Daga Wurno wani bawan Allah ya ce matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ga tari da dare. Ko ita ma robar za a zura mata?

Da wuya ta buƙaci wannan, Malam. Abin da ka kwatanta ya yi kama da raunin zuciya na jego, wanda ya yi yawa a yankinmu, kuma hoton eko ne ke gano shi, ba huda ba allura. Amma ina roƙonka ka kawo ta asibiti yau, kada ka bari sai gobe. A dakatar da kunun kanwa, a rage gishiri, don suna ƙara tara ruwa a jiki. Da yawa suna samun sauƙi in aka fara magani da wuri. Kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ta.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ne a Illela. An yi masa gwajin wata huɗu da suka wuce, aka ga toshewa, aka buɗe da balan-balan aka sa masa 'yar ragar ƙarfe. Ya ce ya warke sarai, magani kuma ya yi tsada, yana so ya daina.

Alhaji, don Allah kada ka yi haka. Ragar nan baƙuwa ce a jijiya, kafin naman jiki ya lulluɓe ta jini yana iya daskarewa a kanta ya toshe hanyar lokaci guda, kuma wannan kan yi kisa. Asfirin da clopidogrel su ne ke hana hakan, shi ya sa ake haɗa su wata 6 zuwa 12, wani ma fiye. In kuɗi ne matsalar, ka faɗa wa likitanka kai tsaye. Akwai na kamfanoni masu sauƙin farashi da zai iya rubuta maka. Ko haƙori za a cire maka, ka sanar da su kana da raga a zuciya kafin kowa ya ce ka ajiye ƙwaya ɗaya.