Tambaya da Amsa: Abokina yana wafce min karta ina tsakiyar dabo, ya zan yi da shi?

Tambayar wannan karon daga wani ɗan uwa ne a Zariya, ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Salam malam. Na kai wata takwas ina koyon rufa ido da karta, a gaban madubi komai yana tafiya daidai, amma da na je majalisa sai a samu matsala. Akwai wani abokina da baya iya haƙuri, ina cikin yi zai kai hannu ya juya katin kafin lokaci, ko ya ce sai dai a bashi ya cakuɗa da kansa, ko ya zagaya bayana ya tsaya yana leƙe yana cewa na gano na gano. Sau biyu kenan yana kunyata ni. In masa faɗa ne ko in daina yi in yana wajen?"

Wa alaikassalam ƙanena. Kar ka masa faɗa, kuma kar ka daina. Zan faɗa maka abin da ba lallai ya maka daɗi ba, kaso mafi yawa na laifin nan ba na abokinka bane, na tsarin da ka shigo da shi ne. Mutumin da ya kai hannu ya juya kati ai abin ne ya kama shi, zumuɗi ne ya masa yawa har ya kasa riƙe kansa, kuma wallahi irinsa ya fi min wanda zai zauna yana danna waya ina ta wahala a gabansa. Matsalar kawai ita ce ka bar masa hannu biyu ba aikin yi, sannan ka ajiye masa kati a inda hannunsa zai kai.

Bari in baka labarin nawa. Ina sabon shiga, a wajen wani kamu aka ce in ɗan nishaɗantar da abokan ango kafin abinci ya iso, muna zaune kan tabarma su wajen goma sha biyu. Na yi wannan dabarar ta ɗaga kati biyu a manne kamar guda ɗaya, na nuna musu bakwai mai zuciya, na mayar, na zare na saman na ajiye a kife a tsakiyar tabarma, kowa ya ɗauka bakwai ɗin ce alhali wani katin ne daban. Saura kawai in ɗan ja su da surutu in hura masa iska in juya. Ban kai ga buɗe baki ba wani dogo mai hula zanna ya miƙo hannu caraf ya juya shi, ya ce "kai wannan ai ba shi bane!" Aka kwashe da dariya, ni kuma gumi har cikin kunne. Na yi kwana biyu ina jin haushin mutumin nan, daga baya na zauna na tambayi kaina, wa ya ajiye katin a gaban gwiwarsa? Ni. Wa ya ɗauke ido daga kansa ya juya yana magana da wani? Ni. Kuma abin takaicin, da na san abin da na sani yanzu, juyawar nan da ya yi ita ce ma dabon, don katin ya riga ya canza, da kawai zan ce "to fa, kai ka canza shi da hannunka, ina ka kai min bakwai ɗita?" shikenan na ci riba. Fuskata ce ta tona ni ba hannunsa ba.

To mu dawo kan abokinka. Abu na farko, ka bashi aiki tun kafin ya nemar wa kansa. In za ka ajiye kati a kife, kar ka ajiye shi a fili, ce masa "miƙo tafin hannunka", ka ɗora masa, ka ce ya rufe da ɗaya hannun, ka ƙara da cewa "danne shi da kyau kar ka bari in taɓa, in na sace shi laifinka ne." Ka ga yanzu hannayensa biyu sun shiga kurkuku kuma shi a ransa gadi yake yi, kai yake tsarewa. Mutum mai rawar kai yana son a ce shi ne mai muhimmanci a wajen, to ka naɗa shi sarkin gadi, zai riƙe katin nan kamar ransa. Haka in kana buƙatar a sa hannu a kati, shi za ka ba biro. In babu komai ko kwalin kartar ne ka bashi ya riƙe. Ni har ce wa irinsu nake "kai ne alƙali yau, in ka ga na yi ha'inci ka bari sai na gama ka faɗa", kuma yawanci kafin a gama ya manta da abin da ya so faɗa.

Sai maganar baki, nan ne sababbi suka fi faɗuwa. In ka ce wa mutum "ɗauki duk wanda kake so" ka baje masa karta, ka bashi lasisi ne ya karɓe ta gaba ɗaya ya juya baya yana tona. Ka ce "sa yatsa ɗaya ka taɓa bayan kati ɗaya." Yatsa ɗaya, kati ɗaya. Umarni gajere, ɗaya bayan ɗaya, kar ka jero masa uku a lokaci guda. Kuma kar ka taɓa cewa "kar ka juya shi", don kamar ka ce wa yaro kar ya leƙa tukunya ne, ka riga ka nuna masa inda naman yake. Faɗa masa abin da zai yi, ba abin da ba zai yi ba. Sannan duk katin da aka zaɓa a nuna wa mutum biyu ko uku, saboda akwai masu mantawa da gaske, akwai kuma ɗan neman fitina da zai ga ka fito da katinsa ya ce ba shi bane don kawai a yi maka dariya. In ya sa hannu da biro kuwa magana ta ƙare.

Batun "bani in cakuɗa" kuma, amsata kullum ita ce bashi mana. Amma kai za ka zaɓi lokacin. Tun kafin ka fara komai ka miƙa masa ka ce ya cakuɗa har ya gaji, in ya gama ka tambaye shi "ka gamsu ko za ka ƙara?" Wanda ya cakuɗa da farko da wuya ya sake nema a tsakiya, ƙishin ya riga ya tafi. Kuma dole ka mallaki dabo biyu ko uku da basu damu da cakuɗawa ba. Misali mai sauƙi, bayan ya gama ka karɓa kana daidaita gefen kartar sai ka saci kallon katin ƙarshe na ƙasa, wannan shi ne ɗan jagoranka. Ya zaɓi nasa ya ɗora a sama, ya yanka da hannunsa ya ɗora rabin ƙasa a kai, ɗan jagoranka ya sauka daidai kan katinsa, duk sanda ka baje ka ga naka to na kusa da shi ne nasa. Ko tsohon dabon nan na kati 21, layi uku bakwai bakwai, ya nuna layin da katinsa yake ka tattara ka sa layin a tsakiya ka sake rarrabawa, sau uku, katinsa zai zauna a na 11 ko da aljani ne ya cakuɗa. Masu ji da kansu suna raina irin waɗannan wai na yara ne, ni ban raina su ba ko kaɗan, don ranar da ka haɗu da mai ido a hannunka su ne za su fitar da kai. In kuma ya nemi cakuɗawa a tsakiya bayan ka riga ka kawo katinsa sama, kana da zaɓi, ko ka saci kallon katin ka miƙa masa hankali kwance tunda ka riga ka san shi, ko in hannunka ya ƙware ka ɓoye shi a tafin hannunka ka bashi sauran 51 ya yi ta fama. Amma na biyun nan kar ka gwada shi a majalisa sai ka shekara kana yinsa a ɗaki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Zagayawa baya da yake yi kuwa maganinsa bango ne. Kafin ka fito da karta daga aljihu ka duba inda za ka zauna, bayanka ya jingina da bango ko mota ko kanta, yadda ba hanyar wucewa. Ka kuma lura da yara, su ne suka fi kama mutum saboda a ƙasa suke, suna ganin ƙarƙashin hannu inda babba baya gani. Na gefen hagu da dama sosai ma ka jawo su gaba da cewa "ku matso nan za ku fi gani", kowa zai ɗauka kirki ne kake musu. Masu ɗaukar bidiyo da waya wani ciwon kan ne na zamani, don za su koma gida su rage gudun bidiyon su bi shi a hankali, in ka ga an ɗaga waya to ka koma dabon da ba sauri a cikinsa.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe game da ido. Mutum in ka kira sunansa ka masa tambaya kana kallon fuskarsa, sai ya ɗago ya kalle ka, haka aka halicce mu, kuma a wannan daƙiƙar ce hannu ke aikinsa. In ya ƙi ɗagowa fa? Ka jira. Max Malini, wani gwanin dabo da ya rasu a 1942 wanda ya yi wasa a gaban sarakuna da shugabannin ƙasashe, ana ba da labarin an tambaye shi in mutum ya ƙura wa hannunsa ido har yaushe zai jira, ya ce ko sati ne. Sababbi basa iya wannan, da sun ji ido a kansu sai su ƙara sauri, saurin kuma shi ke cewa mai kallo ga inda abin yake. Saki kafaɗa, ajiye kartar ma a tabarma in ta kama, yi wata hira, a yi dariya, lokacin dariya ba mai gadin komai.

In ya ce "sake yi mu gani", kar ka sake ta hanya ɗaya. Karon farko mamaki yake kallo, karo na biyu hannunka yake kallo. Ce masa "bari in nuna maka wanda ya fi shi", ko ka maimaita sakamakon amma ta wata hanyar daban. Na san za a kawo min labarin Dai Vernon, gwanin karta ɗan Kanada da ake wa laƙabi da Farfesa, wanda a 1922 a Shikago ya ruɗa shahararren mai dabo Harry Houdini. Houdini yana alfaharin ba dabon da zai gani sau uku bai gano shi ba, Vernon ya sa katin da aka yi wa alama a tsakiya yana dawowa sama, ya yi ta maimaitawa har ya wuce ukun nan kuma Houdini bai gano ba. Gaskiya ne, amma wannan mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa a kan karta har ya haura shekara 90, kai wata takwas gare ka, ka bari tukunna.

Shi kuma "na gano na gano" ɗin, kar ka yi musu da shi ko da ƙarya ya gano. Da ka ce "a'a ba haka bane" ka mayar da wasan gardama, jama'a kuma za su rabu biyu, wasu ma su koma bayansa. Murmushi za ka yi ka ce "to rufa min asiri, da wannan nake cin abinci", a yi dariya a wuce. Kuma ka duba kanka, in kana shigowa da salon ku zo in nuna muku ku wawaye ne, to kai ka kira faɗan, ba namijin da zai yarda a mayar da shi abin dariya a gaban abokansa. Ni tun farko nake cewa jama'a wannan rufa ido ne, wayon hannu ne da atisaye, ba tsafi ba aljanu, wannan yana kwantar da hankalin masu tsoro, yana kuma rage wa masu son tonawa kuzari tunda ban yi da'awar komai ba. In wani ya ce a sa kuɗi, mayar da kartar aljihu, kai ba ɗan wala-walan tasha bane, kuma dama mutanenmu da sun ga karta caca ke fara zuwa musu a rai.

Wanda ya fi wuya a wajenmu ma ba aboki bane, babba ne. In kawunka ko wani Alhaji ya miƙo hannu ya ce kawo in gani, ba ka da bakin cewa a'a, miƙa masa za ka yi da hannu biyu. Shi ya sa bana shawartar ka da kartar da aka yi wa gyara ko mai kati iri ɗaya a ciki in za ka shiga cikin manya, riƙe ta gaskiya mai 52, irin su mai tambarin Bicycle in ka samu don ta fi santsi a hannu, wadda ko an ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya ba abin da za a gani. Ya gama dubawa ka ce "ranka ya daɗe tunda tana hannunka, a taimaka a zaɓa mana ɗaya", ka ga ka mayar da binciken nasa farkon sabon dabo.

Game da abokin naka, kafin zama na gaba ka same shi shi kaɗai ka koya masa ƙaramin dabo ɗaya, na kati 21 ɗin nan ma ya isa, ka sa shi ya yi a gaban mutane. Duk wanda ya taɓa tsayawa da karta a hannu yana addu'ar kar a taɓa masa ita, da wuya ya sake kai wa ta wani hannu. In ya yi nasa ya gama, ka karɓa ka ce ya miƙo tafin hannunsa.