Koren Ayalan ba kwalliya ba ce kawai

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai abokan karatunka a Dablin sun ce ranar 17 ga Maris kowa kore zai sa, kana tambaya ko addini ne ko shagali, kuma ko ka bi sahu. Na yi dariya da na ji har da hula mai tsini suka saya maka, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ni tun ina yaro na san wannan rana ta tunawa da Patrick, waliyyin 'yan Ayalan, a makarantar mishan, wajen wani Fada mutumin Ayalan. Su ne ai suka riƙe makarantun Katolika da yawa a ƙasar nan, shi ya sa har Najeriya 'yan Katolika suka ɗauki Patrick waliyyinsu. Wata shekara, bazara ta kama, ƙasa ta bushe ƙayau, ko tsiro ɗaya babu a filin makaranta, sai ga Fada ya fito daga coci da sassafe da wani ɗan ganye maƙale a ƙirjin farar rigarsa. Mahaifiyarsa ce ta aiko masa cikin ambulan, ya sha hanya har ya yanƙwane. Ya tara mu ƙarƙashin darbejiya, ya ciro shi a hankali kada ya karye, ya ce mu ƙirga. Kunne uku, kara ɗaya. Ya ce a bakin mutanensu, da wannan ganye Patrick ya koya wa kakanninsu aƙidar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shi Patrick ɗin ma ba ɗan ƙasar ba ne. Daga Birtaniya aka sato shi yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo cikin bauta, ya gudu, sannan ya komo da ƙafarsa yana wa'azi. Fada na faɗa muryarsa na rawa. Ranar ibada ce wurinsa, kuma cikin azuminsu take faɗowa.

Da na kai labari gida, kakanka bai yi faɗa ba. Ya ce mutumin da ke girmama abin bautarsa haka, a girmama shi, amma ganyen nasa ne, mu tauhidi muka gada.

Kuma ka dubi tutarsu. Kore na 'yan Katolika ne, ruwan lemo na Furotesta, magoya bayan Sarki William da ya ci yaƙin kogin Boyne a 1690, farin tsakiya kuwa fatan sulhu. An zubar da jini a Arewacin Ayalan kan wannan rarrabuwa, sai a 1998 aka sa hannu kan yarjejeniya. Har gobe akwai unguwannin Belfast da launin rigarka zai yi magana kafin bakinka.

Na san za ka ce in ka je gari ka ga kowa da jela, ka nemi taka ka ɗaura. Kakanka kan ce haka, amma yakan ƙara da cewa ka fara tambaya jelar mece ce. Ku yaran yanzu hoto kawai kuke so. A Shikago har kogi suke rinawa kore, a cika mashaya, da yawa ba su san ƙofar coci ba. Fada da ya gani da ya yi takaici.

Ka nemi wani dattijo a unguwarku, mai zuwa coci da safe, ka gaishe shi ka tambaye shi. Mahaifiyarka kuma ta ce kwana biyu ba ka kira ta ba.