Lambar da Na Kankare da Reza

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na yi dariya har sai da goggonki ta leƙo. Wai me ya sa malamin da ke duba bincikenki ya hana ki share alƙaluman da suka ƙi bin sahun sauran, har yake so ki ajiye su ɗanyunsu don mai son dubawa, ko dai al'adar masu furfura ce kawai. Dariyar ba ta je ko'ina ba, da na kai wurin da kika ce 'yan ajinku "ɗan gyarawa" suke yi.

Ina da shekara 23 na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ƙarƙashin wani dattijo, Allah ya jiƙansa. A wurinsa da biro ake rubuta littafin aiki, fensir ko a aljihu bai yarda ya gani ba, kuma kowane shafi ya sa masa lamba da hannunsa don kada a yage. Wata rana na auna sukari a jinin mutum 12. Guda 11 suka fito yadda muke zato, na bakwai ya yi tsalle can sama. Na ce ai hannuna ne ya kuskure. Na ɗauki reza na kankare lambar a hankali, na rubuta wadda ta fi kyan gani.

Washegari ya buɗe littafin, bai ce uffan ba. Ya taka zuwa taga, ya ɗaga shafin ga hasken rana. Wurin da na kankare ya yi shara-shara kamar fiffiken ƙuda. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa gumi na bin bayana. Can ya ce, "Yaro, me ke nan da?" Na faɗa. Ya miƙo biro ya ce in mayar da ita, in ja layi ɗaya tak a kan tawa ta yadda kowa zai iya karanta abin da ke ƙasa, in sa hannu da kwanan wata. Muka sake awon sau uku. Wadda na kankare ita ce gaskiya, mai jinin yana da ciwon sukari bai sani ba.

Ya kan ce lambar da ta ƙi ka ita ce malamarka, sauran 'yan amshin shata ne. Kakarki kuma, wadda ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba, cewa take ramin ƙarya ƙurarre ne.

Manya ma sun sha faɗawa. A 2010 Reinhart da Rogoff, masanan tattalin arziki a Amurka, suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa, bunƙasarta na durƙushewa. 'Yan siyasa suka yi ta kafa hujja da maganar. A 2013 wani ɗalibi kamarki, Thomas Herndon, ya roƙi ainihin lissafin aka ba shi, sai ga ƙasashe biyar an tsallake su wajen haɗawa. Da ba su miƙa masa ba, wa zai gani? A 2015 kuma masana halayyar ɗan Adam suka maimaita bincike 100 da aka riga aka buga, wanda sakamakonsa ya sake fitowa daidai bai fi kusan ɗaya cikin uku ba.

Abin da ke damuna da ku gaggawa ce. Kowa na son takardarsa ta fito kafin ta nuna, ga kwamfuta tana share lamba ba tabo, ba wurin da za a ɗaga ga rana. Mu ko reza ce ta tona mana asiri.

Batun ko kowa da kowa ya kamata ya ga alƙaluman, musamman idan na marasa lafiya ne, wannan sai kin zo hutu mu zauna. Ki taho da littafin naki, ina da taga. Ki gaida mamanki.