Yaya, ga bayanin gajerun libarba da ake tarawa a nan Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da duk mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Tambaya biyu ka yi mini. Ta farko, me ya sa mutanen da muke zaune cikinsu suke tara tsofaffin ƙananan bindigogi, har ka ji an ce wasu daga cikin namu sun shiga harkar. Ta biyu, ka ce a saninka doguwar bindiga ce ke kai harsashi inda aka nufa, to mene ne amfanin 'yar guntuwar libarba mai bututu inci biyu da har za a zuba mata kuɗi?

Yawancin Hausawan da ke nan ba ruwansu da bindiga, aiki da makarantar yara sun ishe su. 'Yan kaɗan ɗinmu da suka shiga, maƙwabta da abokan aiki ne suka ja mu, galibi dattawa, tsofaffin 'yan sanda da sojoji da masu ƙira. Kuma abin yana da ƙa'ida. In a shagon mai lasisi za ka sayi ƙaramar bindiga, sai ka kai shekara 21, ka cike takarda, a binciki tarihinka kafin a miƙa maka. Mai zama da bizar ziyara ko ta karatu, a mafi yawan hali doka ta hana shi. Masu tarawa suna da nasu lasisin na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi bindigar da ta shekara 50 da ƙerawa, kuma dole su riƙe littafin da suke rubuta duk wadda ta shigo da wadda ta fita. Jihohi ma kowace da tata dokar, abin da Texas ta yarda da shi New York ba za ta yarda ba. Ba kuma zan ɓoye maka ba, ƙasar nan tana rasa mutum sama da 40,000 a shekara ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Shi ya sa duk wanda na ga yana tarawa ba shi da akwatin ƙarfe mai makulli, ga yara a gida, ba na ganinsa da mutunci ko kaɗan.

To, maganar tsawon bututu. Akwai bindigar da cikin bututunta yake sumul. Libarba kuwa a cikin bututunta an sassaƙa layuka masu murɗewa, su ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa, juyin ne kuma yake tsayar da shi kan hanya. Wannan aikin ba ya buƙatar doguwar tafiya, inci biyu sun isa harsashin ya ɗauki juyinsa. Masu gwaji suna da wata na'ura da ake kira Ransom Rest, wadda ake ɗaure bindiga a jikinta tamau, hannun mutum bai taɓa ta ba sai wajen danna kunama. In aka ɗaure lafiyayyar guntuwa a ciki aka harba a yadi 25, ramukan da ke kan takarda sukan taru wuri guda, kusa da yadda mai inci huɗu za ta yi. Ashe laifin ba na ƙarfen ba ne.

Matsalar tana farawa ne da an miƙa ta ga ɗan Adam. A saman bindiga akwai alamun saiti biyu, ɗan tsinin gaba da 'yar tsagar baya, ido yana daidaita su da abin da ake nufi. A guntuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce santimita 10 ba. Yi lissafi da kanka: in idonka ya kuskure da milimita ɗaya tak, a nisan mita 25 harsashi zai kauce da santimita 25. In tazarar ta ninka, kamar yadda take a mai inci shida, kuskuren nan ya ragu da rabi. Ga kuma rashin nauyi. Wata guntuwa mai suna Chiefs Special, ta ƙarfe, nauyinta bai fi rabin kilo da kaɗan ba, alhali jan kunamarta ba tare da an ɗana ta ba yana cin ƙarfin da ya kai kilo biyar. Yatsa yana jan kilo biyar a jikin abin da bai kai kilo ɗaya ba, ina bakinta zai tsaya cik? Ƙotar ƙarama ce, ɗan ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. In ta tashi, tana dukan tafin hannu, ga ƙara, ga wuta a bakinta saboda albarushin bai gama ci a ciki ba. Bayan harbi biyu ko uku sai hannun sabon shiga ya fara noƙewa tun kafin ƙarar. Shi ya sa dattawan nan ke cewa guntuwa bindigar gwani ce, ko da yake ita sababbi suka fi so.

Abin da take rasawa da gaske shi ne gudu. Harsashin .38 Special, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1898, yana fita a hankali daga inci biyu fiye da yadda yake fita daga huɗu. A kusa wannan ba ya hana shi zuwa inda aka saita. A lura kuma, a libarba ba a haɗa gangar da ke ɗauke da harsasai cikin awon tsawon bututu, daga gaban gangar ake aunawa zuwa baki.

Yanzu ka ga dalilin da wasu ke mutuwar son mai inci uku, ni ma ina cikinsu. Inci ɗayan nan yana ƙara tazarar saiti, yana ƙara nauyi a gaba, sandar da ke turo kwanson harsashi waje ma ta fi tsawo. Kamfanoni ba su yi su da yawa kamar na inci biyu ba, don haka a wasu samfura, irin su Colt Python, ta asali mai inci uku tana da tsadar da ta ninka ta 'yan'uwanta.

Tarihinsu shi ne abin da ake saye. A Hartford ta jihar Connecticut, wani ma'aikacin kamfanin Colt mai suna John Henry FitzGerald ya riƙa gutsure bututun libarba zuwa inci biyu a shekarun 1920, yana yanke gaban zoben da ke kare kunama, yana goge ƙahon 'yar gudumar baya don kada ya kama aljihu. Ana kiransu Fitz Special, kuma waɗanda suka fito daga masana'anta kaɗan ne ƙwarai. A 1927 Colt ta fitar da Detective Special mai cin harsashi shida, don 'yan sandan farin kaya. A 1950 ta ƙara da Cobra mai gangar jiki ta alminiyam. A shekarar ce kuma Smith & Wesson na Springfield suka kai wata ƙarama mai cin biyar taron shugabannin 'yan sanda a Colorado Springs, mahalarta suka zaɓa mata suna Chiefs Special. Bututunta ma bai cika inci biyu ba, ya gaza da kashi ɗaya cikin takwas na inci.

Da yake guntuwa tana da farin jini, an yi ta yanke dogaye ana sayarwa a matsayin na asali. A babbar kasuwar bindigogi ta Tulsa da ke jihar Oklahoma, wadda ke ci sau biyu a shekara, na tsaya kusa da wani tsoho yana duba wata Colt. An zura mata igiyar roba an ɗaure, kamar kowace bindiga a zauren, don kada ta ɗanu. Ya ciro gilashin ƙara girma, ya fara da rubutun kamfani da ke gefen bututun. A ta asali rubutun yana zaune daidai tsakiya, a wannan kuwa harafin ƙarshe ya kusa faɗawa baki. Ya shafa gindin tsinin saiti da farce, ya nuna mini ɗan zaren walda da launinsa ya bambanta da sauran. Sai ya karkata bakin wajen fitila, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Wannan na ƙarshen har harbi yake ɓatawa, domin in bakin bai daidaita ba, iskar albarushi za ta riga kuɓucewa ta gefe guda ta ture gindin harsashi yayin da yake fita. Ya ajiye ta ya yi gaba. Mai son tabbaci yakan biya kuɗi ya nemi wasiƙa daga ma'ajiyar tarihin kamfanin, a duba lambar bindigar a gaya masa ranar da ta fita, da tsawon da ta fita da shi, da wanda aka aika wa. Yawancin masu tsadar nan ba a harba su ma, sai dai a shafa mai a mayar, don kowace 'yar gogewa tana rage daraja.

Doka ma awon nan take bi. Tun dokar 1968, libarbar da bututunta bai kai inci uku ba ba a shigo da ita Amurka daga waje don sayarwa, amma ta cikin gida ana ƙerawa. 'Yan'uwanmu na Kanada labarinsu daban ne. A can duk mai milimita 105 ko ƙasa da haka haramtacciya ce, mai inci huɗu ma ta faɗa ciki, har kamfanoni suka riƙa yi musu mai inci 4.2, kafin a dakatar da cinikin ƙananan bindigogi a 2022. A Ingila kuwa, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane ta Scotland a 1996, an hana mai bututu ƙasa da santimita 30, don haka namu na can sai dai su gan su a gidan tarihi.

A gaida Inna da yara. In akwai abin da bai fito ba, ka sake tambaya.