Amsa ga ɗan'uwan da ya gaji adakar kaset da faifan garmaho

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Na ga tambayarka, ka ce ka tarar da adaka cike da kaset na waƙoƙin Hausa, da faifan garmaho kaɗan da wasu CD, kuma kana so ka san yadda za ka adana su. Na fi shekara ashirin ina tara irin waɗannan kaya, kuma yawancin abin da zan faɗa maka sai da na yi asara na koye shi.

Kafin komai, don Allah kada ka zura ko ɗaya a rikodar da ta daɗe ba ta yi aiki ba. Nan na fara ƙonewa. Akwai wani kaset na bikin yayata da aka ɗauka a ƙofar gidanmu, makaɗi yana kiran sunayen 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, har ana jin muryar kakata tana guɗa. Na saka shi a tsohuwar rediyo mai kaset, bai yi minti biyu ba na ji sauti ya fara ja kamar mai jin barci. Kafin in kai hannu, 'yar tayar robar nan da ke jan zare ta naɗe shi ta cukurkuɗe. Robar ta tsufa ta yi danƙo, ni kuwa ban duba ba. Wajen da ta tauna har yau ba ya jiwuwa. Saboda haka ka fara gwada rikodar da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ka goge kan rikodar, wato ɗan ƙarfen da zare ke gogawa ya karanta sauti, da tayar da auduga a tsinke da ɗan sifirit, ka bari ta bushe. Idan bel ya saki, mai gyaran rediyo zai canza maka.

Na biyu, ka fitar da adakar nan daga inda take idan sito ne ko ɗakin kwano marar silin. Wuraren adana kayan tarihi suna ajiye irin wannan kaya a sanyin da bai kai digiri 20 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura 40, ƙarƙashin kwano kuma sai abin da ya ƙaru. Ba cewa nake ka sayi na'urar sanyaya ɗaki ba, da wace wutar? Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ka sa su a kanta nesa da ƙasa, nesa da taga. Ni awona shi ne, ɗakin da mutum zai iya barcin rana a cikinsa lokacin bazara, kaset ma zai zauna lafiya.

Amma wanda ya fi yi mini ɓarna ba zafi ba ne, damina ce. Wata shekara na jingina kwali biyu da bangon da ke tsotsar ruwa. A watan Agusta na buɗe, na ga fari-fari kamar gari a gefen zaren ta 'yar tagar kaset ɗin. Funfuna ce. Takardun ciki kuma gara ta yi musu hanya ta ƙasa, sunayen waƙoƙi duk sun tafi. Idan ka ga mai funfuna, ka ware shi daga sauran, kada ka kunna shi, don zai shafa wa kan rikoda, ita kuma ta shafa wa na gaba. Tun daga lokacin nake sa su a roba mai murfi, ina jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, murfin dai shi ne maganinta.

Shi kaset, a tsaye ake jera shi cikin gidansa kamar littafi. Kada ka ɗora shi a kan sifika, akwai maganaɗisu a ciki, kuma sautin kaset da maganaɗisu aka rubuta shi. Ka duba samansa, akwai 'yan harsuna biyu. Ka ɓalle su, don kada yaro ya danna jan maɓalli ya ɗora muryarsa a kan waƙa. Ka duba kuma ƙarƙashin zaren a tsakiya, akwai ɗan guntun soso da ke danna zare a kan rikoda. Gam ɗinsa kan bushe ya faɗi, sai sauti ya dusashe ka zaci kaset ya mutu, alhali mayar da shi kawai za a yi. Kafin ka kunna wanda ya shekara da shekaru a ajiye, ka zura biro ka juya a hankali ka ji ko zaren ya manne. Kaset na C90, wato mai minti 90, yana ɗauke da zare wajen mita 130, wanda aka rubuta C120 kuwa zarensa ya fi siriri, shi ya fi saurin tsinkewa, ka bi shi da lallami. Idan zare ya tsinke, kada ka haɗa da salatif na kanti, danƙonsa kan tsattsafo ya manne zagayen da ke kusa.

Faifan garmaho iri biyu za ka iya gani. Akwai mai nauyi mai tauri wanda ke juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro ake yinsa, yana faɗuwa ya tarwatse kamar tangaran. Wannan kada sifirit ya taɓa shi ko kaɗan, narkar da shi yake. Akwai kuma na roba, mai 33 da mai 45, waɗanda suka fara fitowa a 1948 da 1949. Shi zafi ne ke lanƙwasa shi. Dukkansu a tsaye za ka jera su, ba a jibge ba, ba kuma a karkace ba, ka riƙa kama su ta baki. Allurar 78 daban take da ta sauran. CD ba shi da wahala: ka goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ka kuma sani cewa gefen da ke da rubutu ya fi tsoron ƙarzuwa. Waɗanda aka kwafa a shago su ne ba su da tabbas, su za ka fara juyewa a kwamfuta.

Maganar juyewa kuwa, kada ka fara da fitattun waƙoƙin da kowa ke da su a waya. Ka tsamo waɗanda aka rubuta da biro, na biki, na naɗin sarauta, na makaɗin garinku, da waɗanda Baba ya ɗauka daga gidan rediyo. Su ne mai yiwuwa babu kwafinsu ko'ina. Ka haɗa rikoda da kwamfuta da kebul, kada ka kara wayar hannu a bakin sifika, sai ka ɗauki kukan akuya da janareton maƙwabta. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ka ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, sannan ka yi MP3 don rabawa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa. Kaset ɗin kuma kada ka yar bayan ka juye.

Idan Hajiya ko wani cikin abokan Baba yana kusa, ka zaunar da su ku saurara tare, kana rubuta wane ne ke waƙa, wa ake wa, a wane gari, wace shekara. Ina da kaset goma sha ɗaya da sautinsu ke fita tas, amma babu wanda ya rage da zai gaya mini muryar wa ce. Ka ɗauko hoton 'yan kaɗan daga cikin naka, musamman faifan, in ga ko masu 78 ne.