Tambarin Shafinmu Ya Ƙi Fitowa a Saman Burauza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo, a wani ƙauye kusa da Maigatari. Na zana ɗan tambari na ɗora a sabar (kwamfutar da ke ajiye shafin), amma har yau hoton duniya mai ruwan toka nake gani a gefen sunan shafin. A wayar ƙanina ma haka. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, kuma kada ka bari wani ya ce maka wannan ƙaramin abu ne. Dillalin da ya buɗe shafuka barkatai a wayarsa, da wannan tambari zai gane naku, kamar yadda ake gane buhu da shaidar mai shi ranar kasuwa.

Kamfanin Microsoft ne ya fara kawo wannan tsari a 1999, cikin Internet Explorer 5, kuma al'adar da ya kafa tana nan: idan shafi bai faɗi inda tambarinsa yake ba, burauza, wato manhajar buɗe shafuka, da kanta take zuwa ta nemi fayil mai suna favicon.ico a tushen shafin. Saboda haka abu na farko, rubuta adireshin shafinku, ka ƙara /favicon.ico a ƙarshe, ka buɗe. In hoton ya fito, sabar ba ta da laifi. In kuwa ka ga saƙon kuskure mai lamba 404, fayil ɗin ba ya inda ake nemansa.

Nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Sai a jefa shi cikin foldar hotuna, alhali wurinsa babbar folda ce, wadda a cPanel (manhajar kula da sabar) ake kira public_html, inda fayil ɗin shafin farko yake zaune. Ka kuma duba sunan da kyau. Yawancin sabobi a kan Linux suke aiki, shi kuwa yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Favicon.ICO daban, favicon.ico daban.

Ni dai shawarata, kada ka bar burauza tana lalube. Sa mata wannan layi a sashen head da ke farkon lambobin HTML na shafin:

`<link rel="icon" href="/favicon.png" type="image/png">`

PNG yana aiki a burauzojin zamani, sai dai sunan da ke layin ya yi daidai da na fayil ɗin. Hoton ya zama tsawonsa da faɗinsa ɗaya. A kwamfuta ana nuna shi da girman fiksel 16 ko 32 ne kawai, shi ya sa rubutu ba ya karantuwa a ciki. Harafi ɗaya ko furen zoɓo ja ya wadatar. Wayoyin iPhone suna son mai fiksel 180, Android kuma 192 da 512. In da WordPress ka gina shafin, tun 2015 akwai wurin ɗora tambarin a cikin saituna, ka ba shi mai girman 512, ya yanka sauran da kansa. Don Allah kada ka ɗora hoton da aka ɗauka da kyamara kai tsaye. Mutanenmu datar ɗari biyu suke saye, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, bai kamata tambari ya cinye musu ita ba.

Saura wanda ya fi ɓata wa mutane rai: ka gyara komai, amma tsohon hoton ya ƙi tafiya. Burauza tana ajiye tambari a ma'ajiyarta, ba ta saurin komawa ta ɗauko sabo. Ƙara ?v=2 a bayan sunan fayil a wancan layin, sai ta ɗauke shi a matsayin sabo. Ko ka ari wayar wanda bai taɓa buɗe shafin ba ka gwada. A sakamakon binciken Google kuwa, sai ya sake zagayowa ta shafinku kafin tambarin ya bayyana, wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har makonni.